Zarton da ke sara bayan an kashe inji

Ranar da aka koma lakwal a watan Oktoba, ina cikin kiran suna a aji shida sai wani yaro ya amsa yana sunkuye. Na ce ya ɗago kansa. Sabon tabo ne ya taso daga gefen hancinsa, ya bi kunci har kusa da kunne, ga sawun ɗinki a jere. Tsakanin farkon tabon da idonsa na hagu bai kai faɗin yatsa ba.

"Kai, mi ya same ka?"

"Mushe, zarto ne."

"Inji ya fizge ka?"

"A'a Mushe, injin ma a kashe yake. Kwance shi nike yi."

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Yaron ya yi hutun damina ne wajen kawunsa, mai injin tsaga katako a nan Maradi, yana share dussa yana miƙa kaya. Ni a tunanina, haɗarin wurin duk yana jikin inji lokacin da yake gudu. Ta yaya zarton da aka cire, aka ajiye a gefe, zai yi wa mutum wannan aika-aika? Ranar Asabar na shirya na tafi in gani da idona.

Ƙarfen da ba shi da farko ba shi da ƙarshe

Nijar ba ƙasar kurmi ba ce. Farin katako da jan katakon da kafintocinmu ke aiki da su daga kudu ake kawo su, daga ƙasashe irin su Najeriya, Gana da Kodebuwa. Da yawa suna isowa da kauri, sai an tsaga su kafin su zama ƙofa, gado ko teburin da yaranmu ke zama a kai cikin aji. Daga kasuwar Katako ta Yamai har zuwa rumfunan ƴan katako na Maradi da Damagaram, wannan aikin ne ke ciyar da gidaje masu yawa.

Zarton da nake magana a kai ba irin na hannu ba ne, ba kuma mai kamar faifai ba. Doguwar tsiririyar ƙarfe ce mai haƙora a gefe ɗaya, an haɗe bakinta biyu da walda ta zama zobe, kamar bel. Da Faransanci ana ce wa injin "scie à ruban". Zoben yana hawa kan tayoyi biyu na ƙarfe, su suke juya shi. Dabarar ta tsufa: tun 1809 wani Baturen Ingila, William Newberry, ya yi rajistarta, amma mahaɗin ya riƙa tsinkewa, sai da wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar walda mai ƙarko a 1846.

Zarto yana dakushewa, dole a riƙa cire shi ana kai wa masu wasawa, a ɗora wani. To zobe mai tsawon mita 4, in ka buɗe shi, faɗinsa ya kai mita 1 da santimita 27. Wa zai ɗauki wannan a kan babur ya ratsa kasuwa? Shi ya sa ake naɗe shi ninki uku, ya dawo kamar santimita 42, ya yi gammo, a ɗaure. Nan ne matsalar take. Ƙarfen mai tsalle ne, ba ya son lanƙwasa. Duk ƙarfin da ka sa ka naɗe shi yana nan ajiye a jikinsa, kamar bakan da aka ja ba a saki ba. Da zarar ka kwance ɗaurin, yana neman komawa yadda yake, cikin ƙiftawar ido, haƙora a gaba.

Abin da ya faru da yarona ke nan. An dawo da zarto daga wasawa, kawun yana ciniki da wani, ya ce masa, "Kwanto mini wancan." Ya tsuguna, ya ɗora gammon a gwiwa, fuskarsa a kai, ya warware wayar. Sauran labarin yana rubuce a kuncinsa.

"Mu ma da kallo muka koya"

Na tarar da kawun, mutum mai kirki, kuma da gani abin ya dame shi. Shi ya kai yaron likita, shi ya biya ɗinki da allurar tetanus. Amma da na tambaye shi ko ya taɓa koya masa yadda ake kwancewa, sai ya ce, "Malam, ai kullum yana gani ina yi. Mu ma da kallo muka koya."

Na roƙe shi ya yi a gabana. Ya ɗauki zarto, ya taka, ya murɗa hannu, kafin in ce wani abu har ya zama gammo. Ko daƙiƙa uku bai yi ba. Na ce ya sake. Ya sake. Wallahi ni da ke tsaye ina zura ido da niyyar koyo ban kama komai ba, balle yaro mai shekara 13 da ke riƙe da tsintsiya.

A makarantar horon malamai akwai abin da suka dasa mana: in ka yi abu da sauri a gaban yaro, burge shi ka yi, ba ka koyar da shi ba. Sai ka rarraba aikin gaɓa-gaɓa, ka nuna, ku yi tare, sannan ya yi kana tsaye. Gwanin da ya shekara 20 yana abu, hannunsa ya sani amma bakinsa ya manta. Don haka na nemi wani dattijo mai wasa zarto a bayan rumfunan, wanda hannayensa duk tabo ne, na ce, "Baba, don Allah a yi mini a hankali, kamar ana koya wa ɗan aji ɗaya." Ya yi dariya, ya yi. Ga abin da na rubuta a littafina.

Yadda ake naɗewa

Kafin komai, shiri: safar hannu ta fata mai kauri, tabarau na kare ido, riga mai dogon hannu wadda ba ta lilo, da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne. A kuma kori kowa daga kusa, aƙalla taku uku ko huɗu ta kowane gefe.

Ka tsayar da zoben a gabanka, haƙoran suna kallon waje, ba jikinka ba. Ka sa guntun katako a ƙasa don kada siminti ko tsakuwa su ci haƙoran, ka taka ƙasan zoben da ƙafa ɗaya ka danne sosai. Ka kama samansa da hannu a juye, babban yatsa na kallon ƙasa. Sai ka riƙa dannawa ƙasa kana murɗa hannun a lokaci guda, har ya yi zagaye cikakke. Zoben da kansa zai karye gida uku ya kwanta. Kada ka ɗaga ƙafa sai ka tattara ninkin uku a hannu. Ka ɗaure da waya ko igiya a wuri biyu ko uku. Ɗauri ɗaya, in ji Baba, "alkawarin ɗan kasuwa ne."

Na tambaye shi me ya sa uku, ba biyu ba. Ya ce haka ya tarar. Da na koma gida na yanki tsiririn kwali na manne bakinsa na gwada: ninki biyu ba ya kwanciya sai da murɗe a jiki, ninki uku kuwa yana kwanciya lafiya lau. Duk mai shakka ya gwada da bel ɗinsa.

Yadda ake kwancewa

Nan ne aka fi jin ciwo. A tsaye ake yi, ba a tsugune ba, hannu a miƙe nesa da fuska. Ka riƙe ninkin uku gam da hannu ɗaya tukuna, sannan ka cire ɗaurin da ɗayan. Ka saki ninki ɗaya ya sauka yana reto. Biyun da suka rage za ka ga sun gitta juna a wuri ɗaya. Ka kama ɗaya da hannun dama, ɗaya da hagu, daidai wurin gittawar, sannan ka riƙa buɗe hannuwanka a hankali kana juya su waje, zoben ya buɗe can gabanka. Kai ke ba shi hanya kaɗan-kaɗan, ba shi ke ƙwacewa ba.

Wasu suna cire ɗaurin su wurga gammon nesa ya buɗe da kansa. Baba ya ce a fili mai yashi, babu kowa, ana iya yi. Amma a rumfar kasuwa, inda mai tallan ruwa ko almajiri zai iya ɓullowa kowane lokaci, ganganci ne, ga shi kuma ƙasa mai tauri tana lalata haƙoran da aka biya kuɗi aka wasa.

In ya kuɓuce maka fa? "Ka bar shi ya faɗi, ka ja da baya," in ji shi. "Kada ka ce za ka cafe. Zarto ana sayen wani, ido fa?" Ya nuna mini wani dogon tabo a damtsensa, ya ce ladan cafewa ne.

Akwai ƙarin abu uku da ya ja mini kunne a kai. Na ɗaya, wani lokaci in an buɗe sai a ga haƙoran sun juya baya, dole a birkice zoben ciki ya koma waje, kuma wannan birkicewar ma tana da nata tsallen, don haka ba a cire safar hannu sai an gama. Na biyu, manyan zaratan da faɗinsu ya kai tafin hannu ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma a yi musu irin wannan naɗin. Mutum biyu ke ɗauka, a rufe haƙoran. Na uku, kada a ce tunda wuta ta ɗauke bari a canza zarto. A kashe inji daga tushe tukuna, don wutar ba ta sallama in za ta dawo.

Tsohuwar tayar keke

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne dabarar da muka samu ta koyarwa. Tayar keke mai waya a baki tana naɗuwa gida uku daidai yadda zarto ke yi, kuma ba ta da haƙori. Na kai ɗaya lakwal. Lokacin shan iska yara suka yi layi suna gwadawa, suna dariya in ta ƙwace ta bugi mutum a ƙirji. Na ce musu, "To da zarto ne fa?" Dariyar ta tsaya.

Shi mai tabon da farko ya ƙi taɓawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai a kwana na uku ya karɓa, yanzu kuwa ya fi kowa iyawa, shi ke gyara wa sauran tsayuwa.

Ba na cikin masu cewa a hana yara zuwa wurin sana'a. Yawancin yaran ajina abin da za su ci da shi ke nan gobe. Roƙona ga iyayen gida masu inji shi ne, yaro ƙarami ya tsaya ga shara da miƙa kaya, kada a aike shi ga zarto ko da a naɗe yake. Wanda ya isa koyo kuma, a ba shi rabin awa: taya tukuna, sannan tsohon zarto da ya dakushe, sannan mai kaifi, ogansa na tsaye. Kuɗin safar hannu da tabarau bai kai abin da ake kashewa a ɗinki da magani ba.

Na koma wajen kawun da tayar a hannu. Ya jujjuya ta, ya naɗe, ya kwance, ya yi shiru. Can ya ce in bar masa ita, akwai yara biyu da ke zuwa koyon aiki bayan Sallah. Ya ƙusa ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, kusa da inda ake rataye zaratan, ya rataye ta a nan.