Mun Tsallake Sha-Ka-Tafin Unguwarmu, Mun Wuni A Layi

'Yan uwana mata, musamman ku 'yammata da ake yawan aika ku kai ƙanne asibiti, ku ba ni aron kunnuwanku. Wata rana cikin damina autarmu ta kwana da zazzaɓi, jikin nan kamar garwashi. Ana idar da sallar asuba Umma ta miƙo mini kuɗin mota ta ce, "Maza goya ta ku tafi babban asibiti, kada ki tsaya mini a wannan ɗan akurkin na bayan layi." Ɗan akurkin da take nufi kuwa shi ne asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, wanda ko tafiyar minti goma ba ta kai ba. Muka wuce shi a cikin a-daidaita-sahu, ko kallonsa ban yi ba.

Kai, wannan rana na ga jama'a! Ashe wai ni da nake ganin na yi sammako, akwai waɗanda suka riga ni tun da duhu. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, ga masu tari, ga masu ciwon kai, ga wata tsohuwa da aka kwantar a kan tabarma ko motsin kirki ba ta yi. Ba mu shiga wajen likita ba sai bayan azahar, kuma wallahi ko minti biyar ba mu yi a gabansa ba. Aka yi gwaji, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Muna fitowa wata dattijuwar nas ta dube ni ta ce, "'Yata, daga wace unguwa kuke?" Da na faɗa mata sai ta girgiza kai ta ce, "Wannan gwajin ai a bayan gidanku ma ana yin sa, minti ashirin an gama. Kin ga waccan baiwar Allah ta kan tabarma? Irin su aka gina wa nan."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na shiga bin diddigi. Ashe asibitocin gwamnati a Nijeriya hawa uku ne. Na ƙasa su ne ƙananan cibiyoyin lafiya, wato su sha-ka-tafi da ɗakunan shan magani, waɗanda asalinsu nauyin ƙananan hukumomi ne. Na tsakiya su ne manyan asibitocin jiha, irin su Asibitin Murtala a Kano. Na sama kuma asibitocin koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Tsarin shi ne mara lafiya ya fara daga ƙasa, idan ciwon ya fi ƙarfinsu su rubuta masa takarda su tura shi gaba. Wannan tunani ya samo ƙarfi ne daga taron Alma-Ata na 1978, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya kai da fata a kansa. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani lissafi da wani likita mai suna Kerr White ya yi tare da abokan aikinsa a 1961, da alƙaluman Amurka da Birtaniya. Suka ce a ɗauki manya 1,000 a cikin wata guda. Kimanin 750 za su ji wani ciwo ko rashin jin daɗi a jikinsu, amma 250 ne kawai za su je ganin likita. A cikinsu 9 za a ba gado, sannan mutum 1 tak ne zai dangana da asibitin koyarwa. Da aka sake irin wannan lissafi a Amurka a 2001, har da yara a ciki, sai aka ga abin bai wani sauya ba: mutum 217 ne suka je ofishin likita, 21 suka je sashen duba marasa lafiya na asibiti, 13 sashen gaggawa, 8 aka kwantar. Kun ga ke nan, a can yawancin ganin likita a wajen babban asibiti yake ƙarewa. A Ingila ma kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi, kuma in ba larurar gaggawa ba, galibi sai da takardarsa za ki ga ƙwararre.

To mu me ya sa muka juya abin, ƙafa a sama kai a ƙasa? Gaskiya ba zan ga laifin Umma ba. Sau da yawa za ki je ƙaramin asibiti ki tarar babu cikakken likita, sai jami'an lafiya na al'umma, waɗanda mu duk "likita" muke ce musu. Wani wurin babu magani, sai dai a rubuta miki ki saya a waje. Wani kuma da la'asar an garƙame ƙofa, alhali ciwon yaro dare yake so. Uwar da ta taɓa zuwa sau ɗaya ta dawo hannu rabbana, da wuya ki sake shawo kanta. Sai kuma wata ɗabi'a tamu da ba ma son faɗa: muna ganin dogon gini da farar riga su ne magani, kuma in ba a yi wa yaro allura ko ƙarin ruwa ba, ai ba a duba shi ba. Akwai ma 'yar burgar a ce, "Ai har babban asibiti muka kai ta."

Kada kuma mu manta da mai kemis na bakin layi. In za a faɗi gaskiya shi ne ya fi kowa ganin marasa lafiyar unguwa, domin yana kusa, yana kaiwa dare, har bashi yana bayarwa. Sai dai fa yawancinsu ba su da izinin duba mara lafiya, sayar da wasu magunguna kawai aka yarje musu. Masu hali su kuma sai su nufi asibitin kuɗi. Haka jama'a suka rabu: cunkoso a kemis, cunkoso a babban asibiti, sha-ka-tafi a tsakiya yana hamma.

An yi yunƙurin gyara. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta sami cibiya guda mai aiki. Wasu unguwanni sun ga sauyi, wasu har yanzu shiru. Saboda haka ki leƙa taku ki gani da idonki, tun kafin ciwo ya zo: ƙarfe nawa suke buɗewa, akwai ungozoma, suna kwana?

Abin da ƙaramin wuri zai iya yi ba kaɗan ba ne: gwajin zazzaɓin cizon sauro, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, allurar riga-kafi, awon jini, wanke ƙaramin rauni, da awon ciki. Ku amare ku ji da kyau, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai juna biyu ta je awo aƙalla sau 8, kuma wa zai jure wuni takwas a irin layin da na gani? Amma fa akwai alamun da ba a jira. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko numfashi yana yi masa wuya, ko ya sume, wannan a ruga da shi inda za a iya ba shi gado. Haka mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska.

Bayan wata biyu zazzaɓin ya sake kama auta. Na lallaɓi Umma har ta yarda, na riƙo hannun yarinyar muka taka da ƙafa. Mutum huɗu na tarar a kan benci. Aka tsaga yatsarta aka yi gwaji, aka ba mu magani na kwana uku, jami'ar ta ce, "Ƙanwata, in kin ga jibi babu sauƙi ki dawo da ita in rubuta muku takarda." Muka dawo gida kokon karyawa bai ma huce ba. Umma ta karɓi maganin ta jujjuya shi, ta ce, "To, ba su yi mata allura ba?"