A Daina Yaɗa Labarin Satar Hoton DNA

Duk sanda ranar mata ta duniya ta zagayo, sai wani saƙo ya dawo yawo a wayoyi: wai wasu Turawa biyu, James Watson da Francis Crick, sun shiga ofishin wata masaniya, Rosalind Franklin, suka sace mata hoto, suka ci kyautar Nobel da shi, ita kuwa baƙin ciki ya kashe ta. Abin takaici, har malaman kimiyya na tura shi gaba.

DNA dai shi ne sinadarin da ke ɗauke da gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma siffarsa kamar tsani ne da aka murɗe. Ranar 25 ga Afrilu, 1953, mujallar Nature ta buga takardar Watson da Crick mai bayanin wannan siffa.

To, hoton da ake ta cece-kuce a kansa, mai lamba 51, a watan Mayun 1952 aka ɗauke shi a kwalejin King's da ke Landan. Ɗalibin Franklin, Raymond Gosling, shi ya ɗauka ƙarƙashin kulawarta, da hasken eksire irin wanda ake hoton ƙashi da shi a asibiti. Wanda bai sani ba in ya kalle shi, ɗige-ɗigen baƙi kawai zai gani sun gitta juna. Babu wanda ya ɓalle ƙofa ko ya buɗe durowa. Franklin na shirin barin King's, hoton ya koma hannun abokin aikinta Maurice Wilkins, shi kuma ya nuna wa Watson a Janairun 1953 ba da saninta ba.

Masu tura saƙon ma ba su san abin da ya fi hoton tasiri ba. Alƙaluman da Franklin ta auna suna cikin wani rahoto na hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken, wanda wani masani, Max Perutz, ya miƙa wa Crick a Kambirij. Daga nan Crick ya gane cewa zaruruwa biyun da ke gefen tsanin DNA, ɗaya sama ya nufa, ɗaya ƙasa. Rahoton ba na sirri ba ne, amma ya kamata a nemi izininta, ba a nema ba. A ƙarshen takardarsu kuma sai 'yar godiya mai nuƙu-nuƙu, wadda ba ta nuna yadda suka dogara da aikinta ba. Nan ne aka ci haƙƙinta, kuma wannan ya isa laifi ba sai an yi ƙari ba.

Batun baƙin ciki kuwa ƙage ne. Ta koma kwalejin Birkbeck ta yi fice a binciken ƙwayoyin cuta na bairos, ta kuma ƙulla zumunci da Crick da matarsa, har ta sauka gidansu tana jinya. Ciwon daji ne ajalinta a 1958, tana da shekara 37. Sai a 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar, ga shi ba a zaɓen mamaci. Wulaƙancin da ya fito fili shi ne na littafin Watson na 1968, inda ya bar aikinta ya koma sukar shigarta da halinta.

Kafin su duka akwai Friedrich Miescher da ya fara ware sinadarin a 1869, da Oswald Avery da Erwin Chargaff da su ma suka yi aiki a kan DNA, ba mai tuna su.

Malam, in ka zo wannan darasi a aji, rubuta sunayen Franklin da Watson da Crick da Wilkins a allo, ka ƙara da Gosling, ka faɗa wa yara abin da kowa ya yi. Mai kula da ɗalibai a jami'a, ɗalibin da ya kwana a ɗakin gwaji ka sa sunansa a takarda, kar ka mayar da guminsa naka. In abokin aiki ya nuna maka sakamakon da bai buga ba, amana ce, tambaye shi kafin ka nuna wa wani. Ke kuma 'yar'uwa mai kishin mata, gaskiyar abin da Franklin ta yi ta isa abin alfahari, ba ta buƙatar a ɗora wa wani sata. Saƙon nan in ya sake shigowa wayarku, don Allah ku bar shi ya tsaya a kanku.