Tsaftace kayan aikin dutse na zamanin da

Tsaftace kayan aikin dutse na zamanin da aiki ne na cire ƙasa da ɓawon ma'adinai da tabo daga jikin gatura, wuƙaƙe, kawunan kibau da duwatsun niƙa waɗanda mutanen da suka rayu kafin zuwan rubutu suka sassaƙa. Ana yin sa a gidajen tarihi da ɗakunan bincike na jami'o'i, domin a ga sawun sassaƙa, a zana kayan, a auna su, a kuma duba bakinsu da madubin ƙara girma. Matsalar aikin ita ce ba ya komawa baya. Abin da aka wanke ya tafi ke nan, kuma sau da yawa abin da ido ke ɗauka dauɗa shi ne shaidar da mai bincike yake nema.

Kayan da ake magana a kansu

Mafi tsufan kayan aikin dutse da aka sani an tono su ne a Lomekwi da ke ƙasar Kenya, kuma sun kai kimanin shekara miliyan 3.3. A Najeriya, haƙar kuza a tsaunukan Jos ta fito da gatura masu yawa, kuma Bernard Fagg ya yi tono a kogon dutsen Rop a 1944, kafin a buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A Nijar ana samun irinsu a fili a saman yashi, a wurare kamar Adrar Bous. Gogaggen gatarin dutse da manomi kan ci karo da shi a gona shi ne Hausawa ke kira gatarin aradu, sunan da ke nuna an ɗauka tsawa ce ta jefo shi daga sama.

Irin dutsen shi ne abin da ake fara tantancewa. Dutsen ƙanƙara, wanda ake ƙyasta wuta da shi, da farin dutsen kwaz duk silika ne, kuma suna jure yawancin asid. Dutsen da ake yin siminti da shi da danginsa kuwa asid na cinye su kai tsaye.

Abin da ke manne a jikin dutse

Ɓawon da aka fi samu shi ne kalsiyam kabonet. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke ɗauko shi a narke, idan ya ƙafe sai ya bar shi a jikin dutsen. Shi ne dai farin ɓawon da ke taruwa a gindin tukunyar da ake yawan tafasa ruwan rijiya a cikinta, sai dai a nan ya yi dubban shekaru yana kauri, har yakan haɗe tsakuwa da yashi da guntun ƙashi wuri ɗaya. An fi ganin sa a kogunan dutse da busassun yankuna. A jar ƙasa kuwa tsatsar ƙarfe ce ke rina dutse ja ko ruwan ɗorawa. Manganis yana barin baƙin tabo, wani lokaci mai rassa kamar zanen ganye. Akwai kuma jifsam, da gishirin da ke shiga ƙananan kofofin dutse, ya daskare a ciki, ya riƙa ɓantare fuskarsa a hankali.

Dole a bambanta waɗannan da rikiɗar fatar dutsen kanta. Dutsen ƙanƙara da ya daɗe a ƙasa yakan yi fari ko ya yi shuɗi-shuɗi daga waje, domin ruwa ya zuƙe wani ɓangare na silikarsa. Wannan ba abu ne da ya hau kan dutsen ba, dutsen ne da kansa, kuma kankare shi kankare kayan tarihin ne. Haka baƙin ƙyallin da duwatsun hamada ke yi, wanda yumɓu da ƙarfe da manganis ke haɗawa cikin dogon lokaci. Da irin wannan fata ake gane ko an sake sassaƙa tsohon gatari a wani zamani na baya, domin sabon sara launinsa daban yake fitowa.

Dalilin jinkirta wanki

A da, abu na farko da ake yi wa dutsen da aka tono shi ne a jefa shi a bokiti a goge da buroshi. Binciken Sergei Semenov na ƙasar Rasha, wanda littafinsa ya fito a 1957, da na Lawrence Keeley a 1980, sun nuna cewa bakin wuƙar dutse yana riƙe da ƙyalli da ƙananan zane da ke bayyana ko fata aka yanka da ita, ko itace, ko ciyawa. Daga baya aka gano cewa ragowar abin da aka yanka ɗin ma yakan maƙale: ƙwayoyin sitaci a ramukan dutsen niƙa, zaren tsiro, da ƙaron da aka ɗaura dutse a ƙota da shi. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu an samu duwatsu masu kimanin shekara 70,000 ɗauke da ragowar ƙaro da aka cuɗa da jan garin dutse. Minti biyar na sabulu da buroshi sun isa su share irin wannan shaida.

Shi kansa ɓawon kabonet yana da amfani. Yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa ya kare shi, kuma ana iya auna shekarunsa ta hanyar yuraniyam da toriyam da ke cikinsa. Tunda ɓawon ya zo ne bayan an sassaƙa dutsen, shekarunsa na nuna mafi ƙarancin tsufan kayan. Saboda haka masu tono a yau sukan ware wasu duwatsu su sa a leda ba tare da an wanke ba, a kuma ɗauki hoton sauran kafin a taɓa su.

Yadda ake yi

Ƙa'ida ita ce a fara da hanya mafi sauƙi, a tsaya da zarar abin da ake son gani ya bayyana. Busasshiyar ƙasa buroshi mai laushi ke cire ta. Sai tataccen ruwa marar gishiri, a cuɗa da yatsa cikin safar hannu. Ɓawon da ya ɗago ana ture shi da tsinken itace ko na gora. Ba a amfani da allura ko buroshin waya, domin dutsen ƙanƙara ya fi ƙarfe tauri, sai ƙarfen ya goge a jikinsa ya bar layi mai ƙyalli da zai rikita mai duba bakin wuƙar. Ɗakunan bincike na da kwanon da ke girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, amma dutse mai tsaga yana iya rabewa a cikinsa.

Idan ɓawo ya ƙi, sai a koma ga asid. Ana ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɓawon; in ya yi kumfa, kabonet ne, kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce. Ana sake gwajin a wani lungu na dutsen kansa, in shi ma ya yi kumfa to an bar maganar asid. Wanda ya tsallake gwajin ana fara jiƙa shi a ruwa har kofofinsa su cika, don kada asid ya shige ciki. Sannan a sa shi na ɗan lokaci a asid mai rauni, kamar asetik, wato na ruwan khal, ko haidirokulorik da aka surka sosai. Bayan haka a yi ta sauya masa ruwa har asid ɗin ya fita sarai. Wannan ɗaurayar ce masu gaggawa ke tsallakewa, sai bayan watanni farin gishiri ya tsiro a jikin dutsen. Wajen surki, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Tabon tsatsa yana sakin jiki da asid ɗin okzalik, amma sai an cire kabonet tukuna, in ba haka ba su biyun su haɗu su bar wani farin ɓawo da ya fi na farko wuyar fita. Ruwan batir ba ya cikin lissafi ko kaɗan, domin yana mayar da kabonet jifsam. Asid ɗin haidirofulorik kuwa silikar kanta yake narkarwa. Mafi yawan tabon ƙarfe da na manganis ba sa ɓoye sawun sassaƙa, don haka barin su ya fi.

Masu tara kayan don sha'awa sukan shafa musu mai ko kakin zuma su yi ƙyalli, abin da ke toshe hanyar duk wani gwaji na gaba. Duk abin da aka yi wa dutse ana rubuta shi a katinsa: sinadarin, ƙarfinsa, da tsawon lokacin.

Tabo da jabu

Tabo yana taimakawa wajen gane kayan jabu. A badaƙalar Piltdown ta Ingila, wadda aka bankaɗo a 1953, an gano cewa duwatsun da aka ce an samu tare da ƙasusuwan rina su aka yi da sinadarai don su yi kama da tsofaffi, kuma rinin bai wuce fatar waje ba. Gatarin gaske da aka wanke tas ya rasa irin shaidar da za ta raba shi da na jabu.

Doka

A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba da izinin tonon kayan tarihi da fitar da su waje. Wanda ya tsinci gatarin dutse ana so ya lura da ainihin wurin da ya same shi, ya bar shi da ƙasarsa, ya sanar da gidan tarihi mafi kusa.