Ra'ayoyin Masu Karatu Game da Labaran Alƙali Di na Robert van Gulik

1.0 GABATARWA

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai da suka sami karɓuwa a ƙarni na 20 akwai labarin binciken laifi, watau wanda ake aikata kisa ko wata ɓarna a ɓoye, sa'an nan a bi sawu har a gano mai laifin. Wasu marubuta kuwa sukan ɗauke irin wannan labari daga zamaninsu, su kai shi can wani zamani da ya shuɗe. Agatha Christie ta gwada haka a 1944 da wani labari da ta gina a Masar ta zamanin Fir'auna, Ellis Peters ta fara jerin labaran Cadfael a 1977, Umberto Eco kuma ya fitar da The Name of the Rose a 1980.

A wannan takarda za mu duba jeri guda ɗaya, watau labaran Alƙali Di na Robert van Gulik. Maƙasudinmu shi ne mu nuna cewa ra'ayin masu karatu ya yi tasiri a kan waɗannan littattafai tun kafin a rubuta su. Za mu fito da wuraren da marubucin ya bi son masu karatu, da kuma wurin da ya ƙi bi, domin a ganinmu wannan ƙin da ya yi shi ne ya ba labaran nauyinsu.

2.0 MARUBUCIN DA TAURARONSA

An haifi van Gulik a ƙasar Holan a 1910, ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Jaba, ya kuma ƙware a Sinanci da Japananci. Aikin jakadanci ya yi har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1967 yana jakadan ƙasarsa a Japan. A 1940 ya tsinci wani tsohon littafin Sinanci a kantin tsofaffin littattafai a birnin Tokiyo, wanda ba a san marubucinsa ba. Ya fassara babi 30 na farko daga cikin babi 64 zuwa Ingilishi, ya buga a 1949 da sunan Dee Goong An, kwafi 1,200 kacal.

Tauraron littafin mutum ne na tarihi mai suna Di Renjie, wanda ya rayu daga 630 zuwa 700 Miladiyya a zamanin daular Tang. Ya yi mulkin gundumomi, ya riƙe alƙalanci a babban birni, daga baya ya zama waziri a fadar Sarauniya Wu. Littafin tarihin daular ya ce a cikin shekara guda ya yanke shari'un mutum 17,000 da suka daɗe a jibge, ba wanda ya yi ƙorafin an zalunce shi. Ya kamata a lura cewa mai mulkin gunduma a tsohuwar ƙasar Sin shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne mai bincike, shi ne kuma mai tara haraji.

Da farko burin van Gulik shi ne ya nuna wa marubutan Sin da Japan cewa suna da abin rubutawa a gida, ba sai sun kwaikwayi Sherlock Holmes ba. Don haka littafinsa na farko da aka buga, The Chinese Maze Murders, da Japananci ya fara fita a 1951, sa'an nan Sinanci a 1953, Ingilishi kuwa sai 1956. Amma masu karatun Turai da Amurka su ne suka rungumi labaran, har suka kai littafi 16, na ƙarshe ya fito a 1968 bayan rasuwarsa.

3.0 MASU NEMAN WASA ƘWAƘWALWA

Rukuni na farko na masu karatu shi ne na waɗanda suka ɗauki labarin bincike tamkar kacici-kacici. Abin da suke so shi ne a baje musu alamu, su yi gasa da mai binciken, su ga ko za su riga shi gano mai laifi. A 1929 Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji 10 na irin wannan rubutu a Ingila. Daga cikinsu akwai hana sa aljanu ko fatalwa su warware matsala, akwai ma wadda ta hana sa Basine a cikin labari, saboda yadda marubutan lokacin suka mayar da Sinawa mugayen taurari irin su Fu Manchu.

Van Gulik ya san wannan rukuni sarai. A gabatarwar fassararsa ta 1949 ya lissafa abubuwa biyar na labaran Sinawa da ba za su yi wa Bature daɗi ba. Na ɗaya, akan bayyana mai laifi tun a farkon littafi. Na biyu, fatalwa da mafarki, har da dabbobi da kayan ɗaki, sukan ba da shaida. Na uku, akan yi dogon ratse da waƙoƙi da takardun hukuma. Na huɗu, mutanen cikin labari sukan yi yawa ainun. Na biyar, akan bayyana yadda aka zartar da hukuncin kisa dalla-dalla.

Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Sa'ad da ya zo rubuta nasa, sai ya ɓoye mai laifi har ƙarshe, ya rage yawan mutane, ya kuma jera sunayensu a farkon littafi don kada mai karatu ya ruɗe. Fatalwa kuwa bai kore ta gaba ɗaya ba. A The Chinese Gold Murders na 1959, an ga fatalwar tsohon alƙalin da aka kashe tana yawo, daga baya aka gane ɗan'uwansa ne ya yi shigarsa, amma aka bar gani guda ɗaya ba bayani. Duk da haka ya riƙe al'adar Sinawa ta haɗa shari'u uku a littafi guda. Nan ne ra'ayin wannan rukuni ya rabu: wasu na ganin shari'u ukun suna raba hankali, wasu kuwa na ganin haka aikin alƙali yake, domin ƙara ba ta jiran wata ƙara ta ƙare.

4.0 MASU NEMAN TARIHI

Rukuni na biyu su ne waɗanda ke karatu don su ga yadda mutanen dā suka rayu: kasuwanninsu, da gidajen shayinsu, da ƙungiyar mabarata, da zaman Alƙali Di da matansa uku. Waɗannan sukan yaba wa marubucin saboda zurfin iliminsa, kuma yabon yana da tushe. Da yawa daga dabarun laifin da ya yi amfani da su daga tsofaffin littattafan Sinawa ya samo su, musamman wani kundi na ƙarni na 13 mai ɗauke da shari'u 144, wanda shi da kansa ya fassara a 1956. A ƙarshen littattafansa yakan rubuta bayanin inda ya samo abin da ya ara.

Amma akwai abin lura a nan. Tufafi da al'adu da zanen hotunan da ke cikin littattafan na zamanin daular Ming ne, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, watau kusan shekara 700 bayan rasuwar Di Renjie. Marubucin bai ɓoye wannan ba. Hujjarsa ita ce haka marubutan Sinawa na dā suke yi, sukan tufatar da mutanen tarihi da kayan zamanin Ming. Haka nan kuma yawancin garuruwan da alƙalin ya yi aiki, tun daga naɗinsa na farko a 663, ƙirƙira ce. Sarauniya Wu ma, wadda a ƙarƙashinta Di na gaskiya ya shahara, ba ta da wani rawar gani a cikin labaran. Saboda haka mai karatun da ya rufe littafi yana zaton ya san daular Tang, abin da ya sani shi ne hoton da Sinawan baya suka zana wa kakanninsu, bayan ya ratsa ta hannun Bature.

Daɗin daɗawa, akwai suka iri biyu da ake yi wa jerin. Na farko game da hotunan mata tsirara ne da marubucin ya zana da hannunsa. Asalin wannan shi ne mai buga littafinsa na Japan ya nemi a sa irin wannan hoto a bango don jawo masu saye. Ke nan nan ma kasuwa aka bi. Na biyu game da yadda aka nuna mabiya wasu addinai ne. Alƙali Di mabiyin koyarwar Kwanfushiyas ne, ba ya ganin malaman Buda da na Tao da mutunci, kuma a wasu littattafan gidajen ibadarsu ne maɓoyar ɓarna. A Murder in Canton na 1966 kuwa an sa wani shugaban fataken Larabawa cikin masu ƙulla makirci. Masu kare marubucin sukan ce idon alƙalin ne aka nuna, masu suka kuma su ce marubuci ne ke zaɓen inda ido zai kalla.

5.0 MASU NEMAN ADALCI

Rukuni na uku su ne waɗanda tambayarsu ita ce: shin an yi adalci? A nan ne van Gulik ya ƙi sassautawa. A dokar tsohuwar Sin ba a yanke wa mutum hukunci sai ya amsa laifinsa da bakinsa, kuma doka ta yarda a yi masa bulala ko a matse masa gaɓoɓi har ya amsa. Marubucin ya bar wannan yadda yake. Ya bar mai ƙara da wanda ake ƙara durƙushe a kan dutse gaban alƙali, ya kuma bar fagen zartar da kisa a littattafan farko, ko da yake shi ne ya ce Turawa ba sa son haka. Amma ya nuna ɗaya gefen dokar: wanda ya yi ƙarar ƙarya, hukuncin laifin a kansa yake komawa, alƙalin da ya azabtar da marar laifi har ya mutu kuwa, shi ma ransa na cikin haɗari.

Misalai biyu sun isa. A The Chinese Nail Murders na 1961, Di ya sa an tone kabari bisa zargin wata mata da kashe mijinta, aka duba gawa ba a ga komai ba, jama'a suka harzuƙa, muƙaminsa da ransa suka shiga haɗari. Matar mai binciken gawa ce ta ba shi haske cewa a duba ƙoƙon kai, inda aka sami ƙusa. Ta san haka ne domin ita ma da ƙusa ta kashe azzalumin mijinta na farko. Ta ceci alƙalin, ta kuma tona asirin kanta a gaban mutumin da ba zai iya kau da kai ba, daga bisani ta halaka kanta. A The Haunted Monastery kuwa, mai laifin babban mutum ne mai ɗaurin gindi a fada, wanda kotu ba za ta iya taɓawa ba. Sai Di ya kulle shi a wani fili tare da beyar, ya bar wa Sama hukunci.

Waɗannan wurare biyu sun raba kan masu karatu ƙwarai. A na farko doka ta ci wadda ta cancanci tausayi, a na biyu kuma mai tsaron doka ne ya tsallake ta. Wasu na ganin alƙalin ya ci amanar kujerarsa, wasu na ganin ba shi da wata hanya. Mu dai a ganinmu wannan saɓani shi ne ribar littattafan. Kacici-kacici da an faɗi amsarsa ya mutu, amma tambayar abin da alƙali zai yi idan doka da adalci suka raba hanya ba ta tsufa.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda van Gulik ya bi masu karatu wajen zubi da tsari, ya bi al'adar Sinawa wajen kayan tarihi, ya bi kasuwa wajen hotuna, amma ya tsaya kai da fata wajen nuna shari'a da kaushinta. Abin ban sha'awa shi ne burinsa na farko ya cika bayan ransa. A shekarun 1980 an fassara jerin zuwa Sinanci, ya karɓu, har a 2024 aka nuna wasan talabijin da aka gina a kan littattafan a ƙasar Sin.

Abincin wani gubar wani, in ji masu iya magana. Don haka duk mai nazarin ra'ayin masu karatu ya kamata ya fara tantance abin da kowane rukuni ya zo nema, kafin ya auna yabonsa ko sukarsa. Mu malamai kuma da muke sa ɗalibai karanta labaran da aka gina a kan tarihi, wajibi ne mu koya musu rarrabe abin da ya faru, da abin da aka ara daga wani zamani, da abin da aka ƙara don a sayar da littafi.