Bukatun Masu Saye da Yawaitar Iskar Kabon: Misali daga Nijeriya

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna yadda sayayyar jama'a take ƙara iskar kabon, watau iskar da ke fita idan an ƙona mai ko gawayi ko itace, wadda taruwarta a sama ke ɗumama duniya. Masana'anta ba ta yin kayan da babu mai saye. Saboda haka, in za mu bi sawun hayaƙi, a kasuwa ya kamata mu fara.

Da farko, mu dubi sufuri. A 1975, da aka biya ƙarin albashin Udoji, ma'aikata sun yi ta sayen babura da motoci. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska, ta dizal kuwa kimanin kilo 2.7. Haka lissafin yake ga janareta: duk wanda ya sayi firji ko fanka alhali wutar gwamnati ba ta tsayawa, to ya ɗauro wa kansa sayen mai.

Na biyu shi ne gini. Da zarar hali ya samu, magidanci yakan rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, masana'antun siminti irin na Obajana da Ashaka da Sakkwato kuma su ƙara aiki. Gasa dutsen farar ƙasa kaɗai yana fitar da kusan rabin tan na kabon a kan kowane tan na gasasshen dutse, tun ba a lissafa makamashin da aka ƙona ba.

Na uku, talauci ma yana da nasa hayaƙin. Idan gas da kananzir suka yi tsada, uwargida takan koma ga gawayi da itace, bishiyar da aka sare kuwa ta daina zuƙe kabon.

Daga ƙarshe, ya kamata mu tuna cewa abin da Afirka duka take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Duk da haka, a taron Glasgow na 2021, Nijeriya ta yi alkawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da take zuƙewa nan da 2060. A ganinmu, ba a cika wannan alkawari da hana talaka saye. Sai dai a samar masa tsayayyar wuta, da jirgin ƙasa, da murhu mai cin itace kaɗan, a kan farashin da zai iya biya.