Kiɗan na'ura a gidan radiyo: daga Paris zuwa Yamai

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba wani irin kiɗa da ba a cika lissafawa ba in ana zancen waƙoƙin radiyo, wato kiɗan na'ura, wanda ake kira musique électronique da Faransanci. Galibi ba shi da mawaƙi, ba shi da ƴan amshi, ba a kuma faɗin sunan mai shi.

Asalinsa ma a gidan radiyo yake. A shekarar 1948 Pierre Schaeffer, injiniya a radiyon Faransa, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a tashar Batignolles ta Paris. Ya riƙa yanka ƙarar nan, yana maimaita guntu guda, yana rage gudun faifan ko ya ƙara shi, har mai saurare ya daina jin jirgi, sai sauti tsagwaronsa. Ya sa ma abin suna musique concrète, aka watsa shi ranar 5 ga Oktoba 1948. Dalilin da ya sa radiyo ta riga kowa a fili yake: a lokacin ita ke da kayan ɗaukar murya da ma'aikatan da suka iya su. Radiyon Kolon ta Jamus ta buɗe nata ɗakin a 1951, BBC a 1958.

Schaeffer ɗin nan ne ya fara jagorantar SORAFOM, hukumar da aka kafa a 1955 domin gidajen radiyon ƙasashen da Faransa ke mulka, kuma a zamaninta aka buɗe Radio-Niger a 1958. Amma kiɗan na'ura ta wata ƙofa ya shigo mana. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan mai lantarki a situdiyon radiyon ƙasa, a Yamai: kari gajere mai maimaituwa, da bugu a hankali wanda na'urar da kanta ke yi. Shekaru ana sa shi tsakanin shiri da shiri, a radiyo da talabijin. A shekarar nan dai ta 1978 Baturen Ingila Brian Eno ya fitar da Music for Airports, ya kira salon ambient, wato kiɗan da ke cika ɗaki kamar turaren wuta, ba lalle a zauna saurarensa ba. Sunan Eno na bisa faifansa. Kaset ɗin Mamman Sani kuwa kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi.

A nan ne rabon da muka saba yi a nazarin kiɗan Hausa ya gaza. Muna kasa makaɗa bisa ga wanda suke yi ma kiɗa: na fada, na masu sana'a, na jama'a. To, a wane kashi za mu sa kiɗan da ba ya yabon kowa, wanda ubangidansa jadawalin shirye-shirye ne, kuma ana katse shi da zarar mai gabatarwa ya buɗe baki?