Gauraya Ulu da Gashin Alfaka a Masaƙa: Dalili da Sharaɗi

A wannan maƙala za mu duba dalilin da ya sa masaƙu ke gauraya gashin alfaka da ulun tumaki, maimakon su kaɗa shi zalla. Alfaka dabba ce dangin raƙumi, amma ba ta da tozo, ana kiwonta a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Mafi yawanta a ƙasar Peru take, musamman yankin Puno, a birnin Arekifa kuwa ake tantance gashin da hannu, a wanke, a sarrafa.

Idan aka duba silin ulu da madubin ƙara girma, za a ga jikinsa da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, ga shi kuma a lanƙwashe. Wannan ne ke sa silin ya kama ɗan'uwansa wajen shiɓa da kaɗi, zaren kuma in an ja shi ya koma yadda yake. Ɓawon silin alfaka kwance yake, lanƙwasarsa kaɗan ce, musamman na nau'in suri. Daga nan taushinsa da sheƙinsa suka samo asali, daga nan kuma matsalarsa take: yana zamewa a cikin inji, rigar da aka saƙa da shi zalla kuma takan saki jiki ta yi tsawo. Ulu ke nan ke ba shi riƙo. Matsalar ba sabuwa ba ce, domin Titus Salt, wanda ya buɗe masaƙar Saltaire kusa da Bradford a Ingila a 1853, sai da ya yi zaren tsaye da auduga ko siliki, alfaka ta zama zaren kwance, sa'an nan yadin ya yi kyau.

Ba a haɗa su tun daga wanki. Ulu na ɗauke da maiƙo mai yawa, alfaka kuwa kaɗan, saboda haka kowanne da nasa wankin, sai bayan an wanke su ake gwama su.

Abin da muke ganin ya fi cancantar lura shi ne kauri. Ana auna shi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, silin da ya wuce maikuron 30 kuwa yana soka fata. In aka zuba ulu mai kaushi cikin alfaka mai laushi don rage tsada, kaushin ne mai saye zai ji a wuyansa, alfaka kuma zai zarga. A ra'ayinmu, masaƙa ta fara daidaita kaurin silin biyu tukuna, kafin ta shiga lissafin kashi nawa za ta zuba na kowanne.